Na Yi Yaji da Littafi a Hannu

Mijina, Malam Nasrullahi, shi ne shugaban masu son karatu na garin Argungu. Malamin Hausa ne a wata sakandare, kuma in ka ji shi yana bayani a kan amfanin littafi sai ka rantse a ɗakin karatu aka yanke masa cibiya. Mutumin kirki ne, ban hana shi ba. Amma akwai kirkin da a zaure yake tsayawa, ba ya ƙarasowa cikin gida.

Bana shi da abokansa suka fito da abin da suka kira Makon Karatu. An zaɓi littafi guda, kowa ya karance shi daga Asabar zuwa Asabar, ranar ƙarshe a haɗu a Birnin Kebbi, waɗanda suka gama su zauna su tattauna. Mutane suka shiga daga Gulma, daga Ambursa, har da ma'aikata na birni.

Ni ma na ce zan shiga. Da can a makaranta ni ce wadda malamai ke ƙwace wa littafin labari a ƙarƙashin tebur. Amma tun da na yi aure ban sake karanta wani abu daga bango zuwa bango ba, in ban da aikin gida na yara da takardar magani. Na daɗe ina jin kewar abin, ban dai samu bakin faɗa ba.

Malam ya yi murna har da tafi.

"Madalla, Riskuwa! Haka nika so. Gida aka hwara gyarawa kahin a hita waje."

Ya ba ni littafin da hannunsa. Ina jin sa a waya yana gaya wa amininsa Munzali, wanda shi ne sakataren ƙungiyar, cewa hatta maiɗakinsa ta shiga.

Labarin wata mata ce, Hamida, da ambaliya ta kifar da kwalekwalen ƙaninta Tamba. Kowa ya ce ya mutu, ita ta ƙi yarda. Ta ɗauki nata kwalekwalen ta bi gulbi, ƙauye bayan ƙauye, domin duk inda ta tsaya sai an ce mata an ga wani mutum da shuɗiyar riga irin tasa ya wuce. Tun a babin farko matar nan ta shiga raina. Abu ɗaya nake so a duniya a makon nan: in isa ƙarshe da idona, in ga ko za ta same shi.

Abin da Malam bai gaya min ba shi ne kwamitin Makon Karatu a zaurenmu zai riƙa zama kullum bayan la'asar. Kuma kowa ya sani, ba a tara maza a zaure a sallame su da ruwan randa.

Ranar farko ya ce in ɗan dama fura. Na dama. Washegari ya ce ai baƙin Gulma za su zo, a yi tuwon shinkafa. Na tuƙa. Daga nan abin ya zama kamar gidan biki. Da safe in shirya 'yata Ummi da ƙaninta su tafi makaranta, in share, in wanke kwanonin jiya, in ɗora na rana, kafin in sauke an aiko da cefanen yamma. In na samu na zauna na buɗe littafin, ban kai ƙasan shafi ba sai in ji muryarsa daga ƙofar zaure.

"Riskuwa! A ƙaro miya."

"Riskuwa! Ina yaji?"

Daga madafa ina jiyo su suna muhawara a kan dalilin da ya sa al'ummarmu ba ta karatu. Wani ya ce waya ce. Wani ya ce lalaci ne. Suna faɗa suna tsotsar ƙayar kifi. Wallahi akwai ranar da na tsaya da muciya a hannu ina tunanin in shiga zauren nan in ba su amsa, kunya ce kawai ta riƙe ni.

Ranar Laraba Malam ya tafi birni, za a yi hira da shi a rediyo. Kafin ya fita ya sa aka kawo min roba cike da tarwaɗa, ya ce in gyara, kuma kada in manta in kunna rediyo in ji shi. Na ajiye littafin a kan taga don kada ƙarni ya taɓa shi, na zauna ina feɗe kifi ina saurare.

Ya yi magana mai daɗi, ba ƙarya. Sai mai gabatarwa ya tambaye shi ko mata sun shiga. Na ji ya yi 'yar dariyar nan tasa.

"Sun shiga, amma ka san matanmu. Su fara da zafi, kwana biyu su watsar. Ba sai na je nesa ba, ko a gidana haka ne. Yau da zan fito na ga littafin a kan taga yana shan rana."

Na ɗaga kai na dubi tagar. Littafin yana nan kuwa. Na dubi hannuwana, jini da yauƙin kifi har gwiwar hannu. Ban san lokacin da na yi jifa da wuƙar ba. Duk Kabi ta ji, daga Argungu har inda muryar rediyon nan ta tsaya, an kafa misalin ragwanci da ni, ni da nake gyara kifin da zai ci in ya dawo daga faɗar maganar.

Da ya dawo fuskarsa sai sheƙi take yi.

"Kin ji ni?"

"Na ji ka, Malam."

"To mi ya hwaru kika ɗaure huska? Misali na kawai na bayar. Ban hwaɗi sunanki ba."

"Mata nawa gare ka?"

A daidai lokacin aka yi sallama a zaure, ya juya ya fita. Daga can ya ƙwala kira a kawo ruwan wanke hannu.

Ban taɓa yin yaji ba tun da aka kawo ni gidan nan. Har dariya nake yi wa masu yin sa. Amma ranar Alhamis da safe, yana fita makaranta, na kai yara gidan kakarsu ta wajen uba, na sa hijabi, na ɗauki littafina na nufi tasha. Ko zane ban ɗauka ba.

A motar nan na yi karatun da ban yi ba tun farkon mako. Mu huɗu a baya, buhun albasa a kan ƙafata, wata mata tana gyangyaɗi a kafaɗata, amma babu wanda ya kira sunana. Ban san mun wuce Ambursa ba sai da direba ya ce masu sauka Gwadangaji, garin iyayena, su shirya.

Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Tana ganina daga ni sai littafi ta gane.

"Ya buge ki?"

"A'a."

"Zagi na?"

"A'a, Inna. Karatu ya hana ni."

Ta dube ni, ta dubi littafin, ta yi tsaki.

"Ke dai ba ki da aikin yi. Tunda kin zaka, zamna ki kama min tsintar ga."

Ta turo min tire. Na ji kamar in kurma ihu. Na gudo daga tukunya na faɗo tire! Allah ya taimake ni Baba yana ɗakinsa, ya ji komai. Baba mutum ne da ya tsufa a kan buzu da littattafansa, kuma bai yarda a yi tari kusa da mai karatu ba. Ya fito ya sa na maimaita masa zancen tun daga farko, har da maganar rediyo. 

"Wadda tay yi yaji baƙuwa ta, sai an zo biko," in ji shi ga Inna. "Ba a sa baƙo aiki. Ki buɗe mata ɗakin ƙarshe, kada kowa ya kira ta."

Ban taɓa jin daɗin wani hukunci kamar wannan ba.

Yinin Alhamis da safiyar Juma'a na yi su a kan tabarma, ƙafa a miƙe. Salla kawai ke tayar da ni. Inna tana mita, amma ita ce ke turo min kwanon abinci ta ƙofa. Na bi Hamida gulbi-gulbi. Na ji yunwarta, na ji haushin mutanen da ke ce mata ta haƙura ta koma gida. Duk lokacin da aka ce mata mai shuɗiyar riga bai daɗe da wucewa ba, sai in ƙara saurin buɗe shafi. Na yi dariya ni kaɗai, na yi hawaye ni kaɗai, na tuna ashe akwai wata Riskuwa da ba ta san hanyar madafa ba.

Bayan la'asar na shiga babin ƙarshe. An nuna wa Hamida wata bukka a bakin ruwa, an ce mutumin yana ciki. Ta ɗaure kwalekwale ta hau tudu. 

Sai aka yi sallama. Masu biko sun iso.

Malam ne da Munzali. Baba ya sa aka kira ni zaure. Na je na zauna daga bakin ƙofa, yatsana a cikin littafin daidai inda na tsaya. Munzali ya fara da barkwanci, wai amarya ta sa kwamiti azumin dole. Ban yi dariya ba. Malam ya ba Baba haƙuri, ya ce shi bai san abin ya yi zafi haka ba, kuma in maganar rediyo ce ya janye. Sannan ya zo kan ainihin abin da ya kawo shi: gobe ne taron rufewa, ya yi alkawarin abincin mahalarta daga gidansa zai fito, an riga an sayo kifi yana can cikin ƙanƙara, kuma ƙanƙarar Argungu ba ta da alkawari.

Baba ya juyo gare ni.

"Kin ji. Mi kika ce?"

"Baba, ni ban ƙi komawa ba. Babi guda yar rage min. A bar ni in ƙare, kahin magariba na gama, sai mu tahi."

Baba ya gyaɗa kai, alamar bai ga laifin wannan ba. Amma Malam ya dubi agogonsa. Ya yi murmushi irin na wanda ya samo mafita mai sauƙi, wadda kowa zai gode masa.

"Haba, in dai don ƙarshen na, ai ba sai mun yi dare bisa hanya ba. Tamba ya mutu tun randa jirgin yak kihe. Mutumin da taka bi wani masunci na da yat tsinci rigatai a bakin ruwa yas saka. Shi ke nan labarin. Tashi mu tahi."

 Munzali ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Baba ya cire tabaransa ya zuba wa surukinsa ido, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya taka allo. Shi kuwa Malam yana ta dubanmu ɗaya bayan ɗaya, yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari.

Na tashi. Na koma ɗakin na zauna na buɗe inda yatsana yake. Na karanta. Hamida ta ɗaga asabarin bukkar, ta ga rigar, ta ga fuskar da ba ta ƙaninta ba. Marubucin ya yi aikinsa, na ga alama wuri ne da ya kamata ya tsinka zuciyar mutum. Ni kuwa idona ƙamas. Kamar an miƙo min raken da wani ya riga ya tauna. Na yi mako ina ɗauke da matar nan a ƙirjina, na bar gidana saboda ita, kuma da muka iso bakin bukkar tare, sai aka riga ni shiga. Haushin da na ji a lokacin ya fi na ranar rediyo nesa ba kusa ba.

Na rufe littafin na fito. Malam ya miƙe yana gyara hula, ya ɗauka tafiya ta zo. Na ajiye masa littafin a gabansa.

"Ga shi. Gobe in ana kiran waɗanda sunka ƙare, kada ka kira ni. Kai ka ƙare min."

"Subhanallahi, Riskuwa, don wagga 'yar magana? Sauƙi hwa ni yi maki." Ya juya wajen Baba, da gaske bai gane ba. "To Baba, kihin hwa?"

Baba ya mayar da tabaransa a hankali.

"Malam, ku kama hanya tun da sauran rana."

Ina tsaye a soro na ji tashin baburinsu. Na san zai dawo, wataƙila da kawunsa, wataƙila da turmin atamfa, kuma na san wata rana zan koma ɗakina da 'ya'yana. Amma kukan da na tanada don matar nan ta gulbi, ban yi shi ba, kuma ko dangin Malam duka za su zo biko babu mai mayar min da shi.