Ƙyallen Lai'atu a Ƙafar Inji

Shekara goma sha ɗaya ban taka tsohon siton citta da ke bayan layin dogo ba. Tun da kamfanin ya rufe, zagaye nake yi in zan je kasuwa. Sai a daminar 1993 maƙwabciyata Scholastica, tsohuwar malamar firamare, ta ce an mai da wurin gidan wasa da raye-rayen gargajiya, har an shafa wa injin niƙa fenti an ajiye don kallo. Na ce wane inji? Ta ce babban. Na ɗaura zanina.

Injin nan ne ya ci hannun ƙanwata Lai'atu har gwiwa. Ciwon ya ƙi warkewa, kafin lokacin kaka ya zo ta rasu. Kamfanin ya ce ba shi da ma'aikaciya mai wannan suna, domin mu mata masu tsaga citta ba a rubuta mu, a ƙofa ake ɗibar mu da safe kamar awaki. Abu ɗaya na je nema, sunanta a jikin injin.

Da rana muka shiga, ana gwajin rawa. Hasken rana na zubowa ta hudojin kwano, tsaye, kamar igiyoyin da aka sako daga sama. Masu rawa suna buga ƙafa a kan katako, ƙurar citta ta shekaru tana tasowa daga tsakanin katakon, tana yawo cikin hasken a hankali. Ƙamshin ya shige ni, sai gangar ta yi nisa. Na ga mata zaune layi-layi, ƙafa a miƙe, kowace da wuƙarta da tarin citta a cinya. Na ga Lai'atu ta ɗauko kwando a ka tana tafiya cikin ƙurar nan, hannunta biyu cif, tana waƙar coci da muryarta da ba ta taɓa daidaita ba. Ta wuce ta gabana ba ta waiwayo ba. Na daɗe a tsaye. Scholastica ta ce har bakina yana motsi.

Injin yana tsakiyar zaure, kore shar kamar sabuwar mota. Akwai farin allo a jikinsa. Scholastica ta karanta mini: sunan wanda ya sayo shi, shekarar da jirgin ƙasa ya kawo shi, da buhu nawa yake niƙawa a wuni. Shi ke nan.

Aka kira mai kula da wurin, wani Simon mai tabarau. Ya gaishe ni da ladabi, ya sa aka kawo kujera, na ƙi zama. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce ya tausaya, amma kwamiti ba ya rubuta abin da ba shi da takarda, kuma ya duba duk fayil ɗin kamfanin bai ga mace ko ɗaya ba. Na tambaye shi ko aljanu ne suka tsaga cittar. Masu ganga suka yi dariya, shi bai yi ba.

Na ce, "Ɗana, durƙusa. Sa hannunka bayan ƙafar injin ta hagu, can sama inda mai fenti bai kai ba."

Ya dubi wandonsa, ya dubi Scholastica. Ta ce masa ta koyar da shi a aji uku, ya durƙusa.

Al'adarmu ce. Ranar da mace ta fara aiki sai ta yagi bakin zaninta ta ɗaura a wurin, don injin ya san ta, kada ya cije ta. Manaja bai taɓa sani ba. Simon ya laluba, ya tsaya, sai ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Ya ce ƙyallaye ne, sun fi talatin, an ɗaura wani kan wani. Na ce ya nemi shuɗi mai zanen kifi, ɗaurinsa biyu, don Lai'atu matsoraciya ce. Ya ci gaba da lalube can ƙasa. Sai ya ce, "Ga shi, Mama."

Ya so ya kwance ya ba ni, na ce ya bar shi. Injin ya san ta, ya ci amana, gara ya ci gaba da ɗaukar ta.

Ya tashi yana karkaɗe riga, ya ce zai kai maganar gaban kwamiti wata mai zuwa. Na ce kwamiti ne ya kwanta a ƙasa yanzu ko shi? Na ja kujerar na zauna, na ce daga nan sai dai a ɗauke ni da ita. Ya kawo alli, na ce alli na yara ne. Ya koma ya ɗauko gwangwanin baƙin fenti da burushi. A ƙasan allon ya rubuta sunan Lai'atu, Scholastica na tsaye a kansa tana duba kowane harafi. Da ya gama ya tambaye ni ko na tuna masu sauran ƙyallayen. Na fara kira masa su ɗaya ɗaya, ya sake tsoma burushin.