Notin Injin Baba

"Wannan fa? Ita ce mafi arha?"

Manaja ya ɗaga 'yar wutar gas ɗin da ba ta fi alƙalami kauri ba, yana jujjuya ta a gaban hancina. Shi ne babban ɗan maƙwabcina, Baba Mai Injin. Tun yana yaro muke ce masa Manaja saboda son ba da umarni, sai Allah ya sa ya girma ya samu ofis da kujera mai juyawa, sunan ya zauna masa daram.

"Ita ce," na ce. "Amma ta masu haɗa wayar rediyo ce. Me za ka gasa da ita?"

"Noti ne suka yi tsatsa. Na ƙafar injin."

Na leƙa tsallaken titi. Shagona na kayan ƙarfe yana kallon rumfar niƙan Baba ne baki da baki. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ƙofar rumfar take rufe, yau kuwa ga ta a wangale, ƙanen Manaja, Dogo, yana tsugune gindin injin da sufana a hannu, gumi ya jiƙa masa riga.

Na sauko masa da wata, mai gwangwanin gas da kan tagulla da ake murzawa. "Wannan ce daidai aikinka. Ba ta da tsada sosai, kuma wutarta tana da ƙarfi. Waccan ko kunnen noti ba za ta ɗumama ba."

"Kawu, kai dai ciniki kake so. Aikin yini ɗaya ne. Gobe da safe mai saye zai zo da mota."

"Mai sayen me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan ubansa. Ya ajiye kuɗin ƙaramar a kan teburi, ya tsallaka titi.

Har rana ta take ina jin su. 'Yar wutar tana huci kamar ƙadangare, sufana tana zamewa, Dogo yana zagin noti da wanda ya ƙera shi. Can sai ga Auta, 'yar Baba da ke jinyarsa, ta tsaya a bakin shagona tana goge hannu da gefen zani.

"Kawu, Baba yana kiranka. Ya ce ka zo da duk irin wutar da kake da ita." Ta rage murya. "Ce masa suka yi gyarawa za su yi."

"Ke kuma kin yi shiru?"

"Yaya ne ke sayen magani. Ya ce in na buɗe baki, in nemo mai saya."

Ɗakin Baba bango ɗaya ya raba shi da rumfar. Warin man zafi da na fitsari sun cika shi, duk da ƙoƙarin Auta. Yana kwance, an tokare shi da matasai, bakinsa ya karkace gefe guda. Amma idanunsa a ranar sun yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Mai ƙusa," ya ce, maganar tana fita da ƙyar. Haka yake kirana tun muna da baƙin gashi. "Ka ji yaran nan? Sun yi hankali. Za su tayar da ita, injina."

Manaja yana jingine da ƙofa, yana danna waya. Bai ɗago ba.

Na jera masa duk irin wutar da na zo da ita a kan bargo. Ya kai hannunsa mai lafiya, ya ture babbar mai tiyo. "Wannan ta masu walda ce, kada a wahalar da aljihun yaro." Ya shafa mai gwangwanin, ya murza kan tagullar, ya kai kunne yana sauraren iskar. "Wannan. Wa ya ba su waccan abar kunna sigari? Kai ne? Tsufa ya kama ka."

"Ni ne," na ce.

Ya yi dariya, yawu ya zubo, Auta ta goge masa.

"Manaja, zo nan. Noti za ka gasa, ba ƙusar da yake ɗaure a kai ba. Ka bi shi da wuta ta kowane gefe, in ya fara ja ka sa sufana. Kada ka yi masa ƙarfi, lallashi yake so. Ka share garin da ke ƙasa tukuna, wuta yake kamawa. Ka janye galan ɗin mai."

"To, Baba."

"In kun ɗaga ta, ku sake katakon ƙasa. Beltin ma ya mutu. In ta tashi, Dogo ya riƙe ta. Ita ta biya maka makaranta, shi ma za ta riƙe shi."

"To, Baba," in ji Manaja, ya sa hannu ya ɗauke wutar daga kan bargon.

A tsakar gida ya miƙo mini ƙaramar. "Musaya za mu yi. Ai ba a taɓa ta sosai ba." Na karɓa, na koma shago.

Abin da Baba ya faɗa shi suka yi, kuma ya ci. Duk notin da ya saki sai ya yi wata ƙara kamar an taka ɓera, sai in ji muryar Baba ta bango: "Yauwa! Na gaba!" Da yamma ya sa Auta ta aske masa gemu, ta fito masa da rigar aikinsa mai aljihu a ƙirji. Ya ce ba zai tarbi injinsa da rigar majinyata ba.

Washegari da hantsi motar ta zo, ta juya baya har bakin rumfar. Mai sayen wani gajere ne mai ƙaton ciki da murya kamar lasifika. Ya zo da ƙartin da suka cusa bututun ƙarfe ƙarƙashin injin, suna turawa suna ihu.

Ban san yadda Baba ya yi ba. Auta ta tafi ɗebo ruwa. Mutumin da sai an juya shi a kan gado, sai ga shi a bakin zaure, a ƙasa, ya jawo jikinsa da gwiwar hannu ɗaya. Rigar aikin ta yi ƙura, ƙafar da ta mutu tana biye da shi kamar ba tasa ba.

Injin tana tsakiyar hawa mota. Baba ya dube ta, ya dubi ƙartin, ya dubi Dogo. Dogo ya juya baya yana gyara igiya.

"Ina... za a kai ta?"

"Wajen gyara, Baba," in ji Manaja.

Gajeren ya fashe da dariya. "Gyara? Tsoho, wannan ai sai a auna ƙarfenta a kilo. Fasa ta za mu yi." Ya juya ga Manaja. "Mukullin rumfar fa? Jibi masu fenti za su shiga. Kuma ka ce ɗakin da ke baya ma ya kusa samuwa, ko?"

Har matar da ke sayar da gawayi ta tsaya da awo.

Manaja ya ja tsaki. "Dogo, ɗauke shi daga hanya, za a rufe mota. Baba, dubi yadda ka ɓata rigarka. Wa ya ce ka fito?"

Ni da Dogo muka ɗaga shi. Bai fi buhun dusa nauyi ba. Muna shiga da shi ya kama wuyan rigata, ya kawo bakinsa kusa da kunnena. Na zaci tsine musu zai yi, ko kuma ni zai tsine wa.

"Sun fito lafiya?" ya ce. "Notin. Ba su lalata zaren ƙusar ba?"

"Lafiya lau suka fito."

Ya gyaɗa kai, ya sake ni. Maganarsa ta ƙarshe ke nan da wani ya ji. Ya juya fuska ga bango, ya ƙi abinci, ya ƙi magani. Auta ta ɗiga masa ruwa da cokali, ya bar shi ya gangaro ta gefen baki. Masu fenti suna aiki a ɗaya gefen bangon, rediyonsu a kunne, lokacin da ya cika. Sai da na tsallaka na ce su kashe.

Bayan an kai shi, mutane suna zaune a ƙofar gida, Manaja yana karɓar gaisuwa da jajayen idanu, yana faɗa wa kowa irin ɗawainiyar da ya yi. Dogo ya lallaɓo shagona da wutar a cikin leda.

"Kawu, Yaya ya ce ko za ka karɓa ka mayar mana da wani abu. Da sauran gas a ciki."

"Ajiye ta can," na ce, "ka fita."

Da la'asar masu gaisuwa suka watse. Masu fenti sun bar ƙofar rumfar a buɗe don ta sha iska. Inda injin ta zauna siminti ya fi sauran fari, kuma tsofaffin ƙwayoyin hatsi sun maƙale a tsagar ƙasa. Wata kaza ta shiga da 'ya'yanta, tana tonowa tana kiransu. Auta ta fito da tsintsiya, ta tsaya a bakin ƙofa, tana jira su gama.