Zufar Mama Suzana

Su uku ne a gidan Malam Ezekiyel da ke Tudun Wada: shi, da matarsa Suzana, da autarsu Larai, wadda aka haifa bayan an fid da rai. Ci da sutura ba su gagare su ba. Abin da gidan ya rasa shi ne mai lura da Suzana, domin idon kowa na kan maigidan tun ranar da hawan jini ya kayar da shi a gaban ɗalibansa.

Miyarsa daban ake yi, ba gishiri. Na'urar awon jini ma tasa ce. Kullum da safe Suzana ta ɗaura masa a damtse, Larai ta karanta lambar, a mayar cikin kwali.

Da al'ada ta ɗauke wa Suzana, sai zufa da kasala suka sa ta gaba. Daga baya ƙirji ya soma zafi, muƙamuƙi yana tsami. Matan zumunta na coci suka yi ta tsokanarta, wai barka da shigowa sahun tsofaffi, kowacce da haka ta fara. Ita kuwa ta ce ƙwannafi ne, ta riƙa jiƙa kanwa tana sha. A saninta, ciwon zuciya na maza ne.

Wata Asabar tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya, ta jingina da bango. Larai ta yi ta kira, shiru.

A asibiti Larai ta zauna kan benci tana kallon ƙofar da aka shigar da uwarta. Kuka bai zo mata ba. Can Dakta Atika ta fito, ta ja Malam gefe. Larai na jin tana faɗa masa a hankali cewa muddin mace na al'ada, akwai sinadarin da ke taimaka wa jijiyoyin jininta su gyara kansu. In ta ɗauke sai gyaran ya ja baya, zuciyarta ta buƙaci kulawa kamar ta namiji.

"Malam, yaushe rabon da a auna jininta?"



"Muna da abin awon a gida," in ji shi.

"Ita ma tana aunawa?"

Ya girgiza kai. Likitar ta ce ya yi haƙuri.

Wata nas ta fito da ɗankwalin Suzana a ninke, da 'yan kunnenta, ta sa wa Larai a cinya, ta shafa kanta ta wuce. Larai ta gane cewa ba tare da Mama za su koma gida ba, kuma ba za ta sake dawowa ba.