Safar Mutum Arba'in

Jikata ta wajen babban ɗana tana aiki a jami'a, a wani ɗaki da ake kiwon sauro. Kiwo fa na gaske, a cikin akwatunan raga, ana ba su ruwan sukari, ana auna zafin ɗakin safe da yamma kamar na jarirai. Ni da na ƙare rayuwata ina murƙushe su, sai ga jinina tana lallashinsu. Shi ya sa nake kiranta Uwar Sauro.

Abin da take son ganowa shi ne me ya sa mutum biyu za su kwana ɗaki ɗaya, ɗaya ya tashi jiki duk ƙuraje, ɗayan ko cizo guda babu. Tana zargin warin ƙafa ne. Don haka take neman mutum arba'in su kwana da safa a ƙafa, su kawo ba wanki, a ajiye wa sauron a ga wadda za su yi wa caa. Wata biyu tana nema, shida ta samu. Farfesanta ya ce in zangon karatu ya ƙare ba ta cika arba'in ba, za a rufe binciken, wahalar shekara biyu ta tafi a banza. Fatanta kawai ranar da jami'a ke buɗe ƙofa mutanen gari su shigo su ji abin da ake yi.

Saura mako guda na kai mata abinci ɗakin nasu, don ina son in gani da idona. Ta ciro safa shida daga firji, kowacce cikin leda da lamba. Da ta sa mai lamba huɗu a bakin wani bututu, sai sauron nan suka taso baƙi ƙirin, suka bar safar da ke kusa da ita, ko kallonta ba su yi ba.

"Kai! Ta wace ce wannan?" na ce.

"Ban sani ba, Kaka."

"Ke, ni za ki yi wa wannan? Ni na yi miki wankan farko."

"Wallahi ban sani ba. Takardar sunayen tana wajen sakatariya a wani ofis, a kulle. Ita ba ta ganin sauro, ni ba na ganin suna. In na san mai safar, zuciyata za ta iya karkata ban sani ba."

Wannan tsari ya tsaya mini a rai. Kwana uku ina zarya ofishin sakatariyar. Na yaba gilashinta, na tambayi yaranta ɗaya bayan ɗaya. Ta ba ni labarin rigimarta da mai gidan haya har da hawaye, amma da na kawo zancen lamba huɗu sai ta miƙo mini shayi.

Ranar taron, rabin layinmu ya zo, don na gaya musu za su ga sauro masu cin albarkacin gwamnati. Jikata ta yi bayani tiryan-tiryan, ta haska hoton sauron a bango suna rububin safa. Aka yi ta dariya, aka yi ta tambaya. Telar layinmu ta ce ko shi ya sa mijinta yake kwana lafiya ita tana susa? Direban bas ya tambaya ko turare yana ruɗa su. Ta ce ba ta sani ba tukuna, shi ma yana cikin abin da za ta gwada. Sannan ta buɗe kwalin sababbin safa, ta ce mai son taimakawa ya taso.

Ba wanda ya taso. Na ga ta saci kallon Farfesa.

Can mai askin layinmu ya miƙe. "Malama, ba ke muke tsoro ba," ya ce, yana nuna ni da yatsa. "Waccan tsohuwar ta kujerar gaba muke tsoro. In safata ta kwana ɗakinki yau, gobe kafin in buɗe shago an san ƙafar wa ta fi wari a unguwa."

Mutane suka kwashe da dariya, amma ba wanda ya motsa. Jikata ta koma allo tana zana akwati da kibiyoyi, wai ga inda suna ke bi, ga inda lamba ke bi. Kowa ya zuba mata ido kawai. Kibiya ce za ta hana ni magana?

Na tashi na karɓe abin maganar daga hannunta.

"Kai mai aski, wa ya fara sanin baƙin gashin nan naka na kwalba ne?"

Ya shafa kai. "Ke ce, Iya."

"Tela, wa ya gaya wa layi 'yarki za ta haifi tagwaye tun kafin ke ki ji?"

"Wa fa in ba ke ba!"

"To ni ɗin nan, kwana uku ina neman sunan mai safa guda ɗaya a gidan nan. Na yi fara'a, na yi fushi, na yi tsufa. Ko harafin farko ban samu ba. Har yanzu abin yana cina."

Sakatariyar ta ɗaga hannu daga baya. "Har ciwon gwiwa ta ƙirƙira don ta zauna kusa da durowar da na kulle sunayen," ta ce. "Na canza mata kujera."

Mai aski ya dube ni, ya dubi matar. "Iya ta kasa?"

"Ta kasa."

Ya tako gaba yana gyara hula. "To a ba ni babba, ƙafata ba ƙarama ba ce."

Tela ta biyo shi tana jan mijinta da hannun riga. Jikata tana miƙa safa, sakatariya tana rubuta sunaye ta kare takardar da gwiwar hannu, ta ɓangaren da nake. Sun wuce arba'in, da sauran mutum tara a layi, sai kwalin ya ƙare, dole Farfesa ya ɗauki makullin motarsa ya tafi kanti neman ƙari.