Golmon Aaron a Ƙarƙashin Sinki

Ni dai tun ranar da Dominic, babban ɗanmu, ya aiko da injin nan daga Abuja na ce ban ga amfaninsa ba. Wai inji ne da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sinki, wato kwamin wanke-wanke na kicin, yana niƙe ragowar abinci ya tura shi cikin bututu. A Zuru, inda kaji da awaki ke tsaye bakin ƙofa suna jiran ɗan abin da ya rage! Amma maigidana, Saje Haggai, tsohon soja, ya ɗauki abin tamkar lambar girma. Duk baƙon da ya shigo sai an kai shi kicin ya ji ƙararsa kafin a ba shi ruwan sha.

Wata biyar ana haka, sai injin ya fara yoyo, daidai inda bututu ya haɗu da cikinsa. Da fari ɗigo ne, na ajiye gwangwanin madara. Daga baya gwangwani ya koma kwano, kwano ya koma baho. Na ce a kira mai gyaran famfo. Saje ya ce shi da ya kwance bindiga ya mayar idonsa a rufe ba zai kira wani ƙato ya shigar masa kicin saboda kusoshi biyu ba. Kullum da safe sai ya ɗauko sukudireba ya ƙara murɗa kusar da ta fi kusa da hannunsa. Da abin ya ƙi, ya yanko robar tayar babur ya naɗe wurin tam. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, domin ruwan ƙaruwa ya yi, ga wari har tsakar gida.

Amma ba yoyon ne ya hana ni sukuni a makon nan ba. Maganar autarmu Praise ce. Akwai yaron da ke nemanta, Aaron, ɗan ƙasarmu ne amma a barikin Kaduna ya tashi, can kuma yake aikin gwajin jini a wani asibiti. Yaro mai natsuwa, ni dai ya kwanta mini. Saje kuwa ya kafe a kan golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban budurwa a al'adarmu kafin a ba shi ita. Yana ta cika baki wai shi damina bakwai ya yi a gonar ubana. Ni da aka yi abin domina na san uku ya yi ya tafi soja, ƙannensa suka ƙarasa masa. Amma ba kowace gaskiya ake faɗa a gaban yara ba.

Aaron bai ƙi ba. Da damina ya ɗauki hutu, ya bi Saje gonarmu ta hanyar Dabai da sabuwar fartanya. Kafin rana ta take, bawan Allah ya share layi huɗu na dawa tas, ya bar ciyawa tsaye, domin bai san wacce ce wacce ba. Saje bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cewa kawai ya yi yaron ya dawo ranar Asabar ɗin farko bayan girbi ya ji amsa. Duk gidan mun san amsar, kuma Praise ta daina cin abinci sosai.

Ranar Asabar da hantsi Aaron ya sauka daga kan babur da jakar lemo. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya tambayi Baba. Na nuna masa kicin. Ƙafafun Saje kaɗai ake gani, sauran jikin yana ƙarƙashin sinki, yana zagin wanda ya ƙera injin da kakansa.

"Baba, ina kwana. Sannu da aiki," in ji Aaron.

"Aiki ba ya son sannu. Jira ni waje."

Yaron bai fita ba. Ya dubi bahon da ke ƙasa, ya dubi bango, sai ya miƙa hannu ya zare filogin injin daga soket.

"Wa ya ce ka taɓa?" Saje ya fito da kai, ruwan ƙanzo na bin gemunsa.

"Baba, a gafarce ni. Hannunku na cikin ruwa, ga wuta a jone. In an ba ni izini in ɗan duba."

Saje ya yi wata dariya mai cin rai. "Kai da ba ka san dawa ba? To bismilla. Rachel, zo ki ga ikon Allah."

Ai ina nan tsaye. Praise kuma tana bayan labule, ina jin numfashinta.

Aaron ya cire farar rigarsa ya ninke, ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti da singileti. Ya warware robar tayar nan, ya goge ko'ina da tsumma har ya bushe. Sannan ya ce in toshe sinkin in cika shi da ruwa, in zuba ɗan shuɗin wanki. Da na cire toshiyar, ya bi kowane haɗi da farar takarda yana dannawa a hankali, kamar mai neman jijiya a hannun jariri. Sama lafiya, ƙasa lafiya. Da ya kai gefen da bututu ya shiga, takardar ta yi shuɗi.

Ya kwance kusoshin biyu. Ɗaya ta fito da sauƙi, ɗayar sai da ya yi gumi. Ya zaro wani zoben roba baƙi daga bakin bututun. Gefe guda lafiya lau, ɗaya gefen ya baje kamar waina, har ya tsage.

"Mi ya kashe shi?" in ji Saje.

Na yi wa yaron ido iya ƙarfina, wai ya ce kayan zamani ne ba su da ƙarko. Ƙarya ɗaya mai sauƙi, kowa ya huta. Bai ko kalle ni ba. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa zoben da hannu biyu.

"Baba, ƙarfi ne ya yi masa yawa ta gefe ɗaya. Kusa guda ake ta ɗaurewa, ƙarfen da ke riƙe bututun ya karkace ya danne robar. Duk murɗawar da aka ƙara, hanyar ruwa aka ƙara buɗewa."

A raina na ce shi ke nan, yaro ya haƙa wa kansa rami. Shekara talatin da takwas ina tare da mutumin nan, ban taɓa ganin wanda ya ce masa ya yi kuskure ya kwashe lafiya ba.

Saje ya juya zoben, ya sake juyawa. "To yanzu fa?"

"Irin wannan inji yakan zo da na sauyi. Ko Mama ta ajiye kwalin?"

Wace macen kirki ke yar da kwali? Yana ɗakin ajiya cike da busasshiyar kuɓewa. Na zazzage, sai ga ƙaramar leda manne a gindinsa, da sabon zobe a ciki.

Aaron ya wanke bakin bututun, ya zaunar da zoben daidai, ya gyara ƙarfen da ya karkace a kan turmi da ɗan bugu biyu. Ya sa kusoshin da yatsa kawai. Sai ya matsa gefe ya miƙa wa Saje sukudireba.

"Baba, ku riƙe ta dama, ni in riƙe ta hagu. Ku yi rabin murɗi ku ba ni, in yi rabi in ba ku. Da ta tsaya, a bar ta."

Na zaci zai jefar da abin. Sai na ga tsohon ya durƙusa, ya kutsa kusa da yaron. Kafaɗa da kafaɗa suka cika ƙarƙashin sinkin, sukudireba na kai da kawowa. Sau ɗaya na ji Aaron ya ce, "Ya isa haka, Baba," kuma wallahi Saje ya tsaya.

Aka sake cika ruwa, aka jona wuta, inji ya yi gurnaninsa. Aaron ya ba Saje takardar ya danna da kansa. Ta fito fara sol. Ya sake dannawa, ya leƙa, ya shafa da yatsa. Amma shi bai fito ba. Daga can ƙarƙashi muryarsa ta zo, ba ta da kaurin da na sani.

"Kai yaro. Ka ce ma ubanka ya zo ran Lahadi ta sama, bayan an taso coci. Ya taho da mutanensa."

Praise ta saki wata ƙara daga bayan labule, ta ruga waje ko takalmi babu. Aaron ya kai goshinsa har ƙasa yana godiya, ya manta rigarsa sai da na bi shi da ita. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rangaɗa guɗa a kicin, abin da rabona da shi tun auren Dominic.

Da na dawo, Saje na nan zaune a kan simintin, ya jingina da ƙafar sinki, sukudireba a cinyarsa. Idanunsa sun yi ja.

"Yaron ba ya ƙarya," ya ce. "Na ga kina yi mishi ido."

"To mi ya rage kuma?"

Ya juya sukudireban a hannunsa. "Rachel, Kaduna da nisa. In ɗiyar nan ta tafi, daga ni sai ke."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya kafe duk watannin nan, kuma tausayinsa ya kama ni. Na aje tsumman hannuna, na zauna kusa da shi a ƙasa, da zanen fitata da komai.

"Daga ni sai kai muka fara, Saje," na ce. "Matsa mini, wurin nan da sanyi."