Ɗakin Jinyar Mama a Akwatin Gilashi

Sana'ar yayana ƙera ƙananan ɗakuna ce. Da kwali da tsinken ashana da yumɓu yake haɗa su, ya sa a akwatin gilashi mutane su zo kallo. Wata shida bayan rasuwar Mama ya kira ni a waya.

"Auta, ki zo wajen baje kolina. Na yi wa Mama wani abu."

Na je. An jera akwatuna a wani babban zaure, an fi taruwa a kan na tsakiya. Na matsa na leƙa. Ɗakin jinyar Mama ne. Ga gadon ƙarfen, ga ledar da nake shimfiɗa mata, ga fo a ƙarƙashin gado. Har shacin fitsarin jikin katifa ya zauna ya zana da fenti. Ita kuma ga ta nan, tsawonta bai fi ɗan yatsana ba, baki a buɗe, zani ya zame daga cinyarta.

Shekara biyu ina juya ta ina wanke ta. Sau uku Yaya ya zo, kullum da hankici a hanci. A zuwan ƙarshe na gan shi yana ɗaukar hoton ɗakin kusurwa-kusurwa, na ɗauka tausayi ne.

A gefen gadon ya durƙusar da wani ɗan mutum yana riƙe da hannunta. Da gemu, da tabarau irin nasa.

Wata mata mai kofin lemo a hannu ta taɓo ƙawarta. "Dubi ɗan fo ɗin nan, gwanin sha'awa!"

Yaya ya iso yana washe baki. "Kin ga rayuwar ɗan Adam ke nan, Auta. Komai girmanka, nan za ka ƙare."

"Ni ina nake a ciki, Yaya?"

"Na gwada sa ki, sai wurin ya cushe."

Yawu ya cika mini baki. Na juya ga mutanen, na nuna akwatin.

"Uwata ce wannan. Mai gemun nan kuwa ko ruwa bai taɓa ba ta ba."

Sai wani ya fara tafi, a zatonsa cikin shirin ne, saura suka bi. Yaya ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna musu.

Da ƙyar na kai bakin titi. A kwata na amayar da duk abin da ke cikina, na goge baki, na tari mota.