Takalman Kumatu

A gidan su Yaya, kaya daga sama suke gangarowa. Ita ce babba, ita ake ɗinka wa sabo, in ya yi mata kaɗan ƙanwarta Auta ta gada. Da suka yi aure suka haihu ma haka aka ci gaba, domin Tsuntsuwa, 'yar Yaya, ta girmi Kumatu, 'yar Auta, da shekara biyu.

Yaran biyu ciwo ɗaya gare su. Likita ya ce a cikin ƙoda akwai 'yan siraran bututu da ke fitar da tsamin jini ta fitsari, nasu kuwa ba sa yin aikin yadda ya kamata. Tsamin sai ya taru ya riƙa cin ƙashi, ya hana girma. Maganin wani ruwa ne mai tsami da gishiri-gishiri, wanda za su riƙa sha safe da rana da yamma.

Sai dai Tsuntsuwa ta daɗe tana wahala kafin a gano. An yi mata maganin tsutsar ciki, an yi na zazzaɓi, an ce ƙyuyar abinci ce, har ƙafafunta suka fara lanƙwashewa. Kumatu kuwa tun tana goye, Yaya ta lura da yawan ƙishirwarta da amai da jiƙa zanen goyo, ta ce wa Auta, "Gobe ki kai ta asibiti, ki faɗa musu abin da ke damun yayarta." Aka fara mata magani kafin ta yi rarrafe.

Yaya malamar makaranta ce, don haka Tsuntsuwa a ɗakin ɗinkin Auta take wuni bayan an tashe su daga makaranta. Wata rana Yaya ta zo ɗaukarta daidai lokacin magani. Yaran na zaune kan tarin ƙyallaye, kowacce da ɗan kofinta.

"Wadda ta fara yamutsa fuska ita ce tsohuwa," in ji Kumatu.

"Ke ce dai tsohuwa, mara haƙoran gaba," in ji Tsuntsuwa.

Suka kafa kai tare, suka shanye, suka zauna suna kallon juna ido na ruwa, kowacce tana danne fuskarta. Yaya ba fuskokin take kallo ba. Kafaɗunsu take kallo: ta ƙaramar ta ɗara ta babbar.

Auta ta tsayar da keken ɗinki, ta jawo wata leda daga ƙarƙashin tebur.

"Yaya, ga waɗannan. Sun matse wa Kumatu, ko koɗewa ba su yi ba."

Takalma ne jajaye masu maɗauri. Yaya ta juya su a hannu.

"Yaushe kaya suka fara hawa sama a gidanmu?"

"Tun da na gaji da ragowarki," in ji Auta tana dariya. "Rigar nan taki mai ƙunar guga a baya, har yau ban yafe ba."

Yaya ta yi murmushi, ta yi godiya kamar yadda ya dace. Da ta isa gida ta cilla ledar saman durowa.

Ta sha roƙa wa Kumatu lafiya a bayan salla, kuma da zuciya ɗaya take roƙa. Ranar nan sai ta ji sunan ya yi mata nauyi a baki. Ba sharri take so wa yarinyar ba. Abin da ke cin ta shi ne, miƙaƙƙun ƙafafun nan da kumatun nan, da wahalar 'yarta aka same su. Tsuntsuwa ta sha wuyar, wata ta ci moriyar. Ta yi istigfari, amma washegari ta aika wa Auta cewa daga yau yarinyar za ta riƙa zama tare da ita a ofishin malamai, wai don ta duba mata karatu.

A ofishin akwai fanka da kujera mai laushi, ga tukunyar fure a bakin taga. Yaya kan zuba maganin ta miƙa mata, ta koma kan takardun da take ba wa maki. Kullum kofin wayam take karɓa. Bayan 'yan makonni Tsuntsuwa ta fara cewa gwiwarta na ciwo, ta koma neman ruwa kowane lokaci. Furen taga kuma ya fara bushewa.

Ranar ganin likita, ya duba sakamakon jinin, ya cire tabarau.

"Malama, tsamin ya ƙaru. Tana shan maganin kuwa?"

"Da hannuna nake zuba mata."

Likitan ya sunkuya wajen yarinyar. "Hajiya babba, gaya mini gaskiya, ba zan yi faɗa ba."

Tsuntsuwa ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa.

"Na rana furen nake ba wa. Na safe ma wani lokaci ina tofarwa." Ta ɗago kai. "In ni kaɗai ce, ba ya wuce maƙogwarona."

Likitan ya ce ƙashin da ya fara ƙarfi zai iya komawa baya in aka ci gaba a haka. Yaya ta ce ta ji.

Da suka koma gida ta taka kujera ta sauko da ledar, ta kaɗe ƙurar. Ta durƙusa ta sa wa Tsuntsuwa takalman, ta ɗaure maɗaurin, ta danna gaban da babban yatsa. Akwai sauran wuri. Ta daɗe a durƙushe kafin ta ce, "Ɗauko kofinki."

Auta na tsakiyar yanka yadi suka shigo. Idonta ya sauka kan jajayen takalman, ya dawo kan fuskar Yaya.

"An gama duba karatun, Malama?"

"An gama. Ke dai zuba musu."

Kumatu ta riga ta sheƙo ta rungume yayarta, har ta ɗaga ta sama kaɗan. Yaya ta ji abin ya sake soke ta a wurin da ya saba. Ta kawar da kai, sannan ta dawo da shi, ta dubi yarinyar sosai.

"Masha Allah," ta ce. "Kumatu an zama 'yan mata."

Yaran suka kafa kai. Kumatu ce ta fara yamutsa fuska, Tsuntsuwa ta nuna ta da yatsa tana dariya, ta juya kofinta ƙasa don kowa ya gani.

"In sun yi mata kaɗan ki dawo mini da su," in ji Auta, ta koma kan almakashinta. "Maƙwabciyata na da 'yar da za su yi wa daidai."

"In sun yi mata kaɗan," in ji Yaya, "ba mai samun su. Ajiyewa zan yi."